Liliuokalani, sarauniyar ƙarshe ta tsibiran Hawai

An haifi Liliuokalani a birnin Honolulu ranar 2 ga Satumba 1838. Ta hau gadon sarauta a Janairun 1891 bayan rasuwar yayanta, Sarki Kalakaua, amma ta tarar sarautar ba ta da sauran ƙarfi. Tun 1887 Turawa masu gonakin rake da ƴan kasuwa, yawancinsu ƴan asalin Amurka, suka tilasta wa Kalakaua sa hannu kan kundin tsarin mulkin da ya rage ikon sarki, ya kuma hana talakawa da dama jefa ƙuri'a saboda sharaɗin dukiya.

A Janairun 1893 ta yi niyyar kawo sabon kundi don maido wa ƴan ƙasa haƙƙinsu. Masu rake suka ce ba su yarda ba. Jakadan Amurka, John Stevens, ya sauko da sojoji 162 daga jirgin ruwan yaƙi, washegari 17 ga wata aka tumɓuke ta. Sarauniyar ta hana magoya bayanta ɗaukar makami don kada jini ya zuba, ta miƙa ƙararta ga gwamnatin Amurka. Shugaba Grover Cleveland ya sa aka yi bincike, ya amince an zalunce ta, amma Sanford Dole, jagoran masu juyin mulkin, ya ƙi sauka.

Bayan wani boren magoya bayanta a 1895, an tsare ta kusan wata takwas a wani ɗaki na fadarta, Iolani. Can ta sa hannu kan takardar murabus don ceto mutanenta daga hukuncin kisa. A 1897 ƴan Hawai sama da 21,000 suka rattaba hannu kan takardar ƙin haɗewa da Amurka. Duk da haka, lokacin yaƙin Amurka da Sifen, majalisar dokokin Amurka ta haɗe tsibiran, aka sauke tutar Hawai ranar 12 ga Agusta 1898. A 1900 ƙasar ta zama yankin Amurka, Dole ya zama gwamnanta na farko.

Liliuokalani ta yi shekaru tana neman diyyar filayen sarauta, ta faɗi shari'ar a 1910. Dukiyarta ta bar wa marayun Hawai a wani asusu da ke aiki har yau. Ta rasu ranar 11 ga Nuwamba 1917. Sai a 1993 Amurka ta nemi gafara a hukumance, ba tare da ta maido ƙasar ba.