Isaac Singer: Ɗan wasan kwaikwayon da ya shigar da keken ɗinki cikin gidaje

A ranar 12 ga Agusta, 1851, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya ba wani mutum mai suna Isaac Merritt Singer takardar mallakar fasaha mai lamba 8294, a kan wani keken ɗinki da ya tsara a birnin Boston. A lokacin yana gab da cika shekara 40, ba shi da dukiya, ba shi da ilimi mai zurfi, kuma sana'ar da ya fi ƙauna ita ce wasan kwaikwayo. Ba shi ne ya fara ƙirƙiro keken ɗinki ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da na'urar da ke yawan tsayawa ta zama abin da tela zai iya dogara da shi, kuma wanda za a iya kwancewa a gyara. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ake samun kekunan da ke ɗauke da sunansa suna aiki, wasu bayan fiye da shekara 100 da ƙera su.

Tasowarsa

An haifi Singer a ranar 27 ga Oktoba, 1811, a yankin Pittstown da ke jihar New York. Mahaifinsa baƙo ne daga Jamus. Gidan bai zauna lafiya ba, domin iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, kuma yana ɗan shekara 12 ya bar gida ya nufi garin Rochester. A can ya yi ƙananan ayyuka, ya taɓa koyon aikin injina, sannan zuciyarsa ta karkata ga dandalin wasan kwaikwayo.

A 1830 ya auri Catharine Maria Haley, amma auren bai zaunar da shi wuri ɗaya ba. Ya ci gaba da yawo gari-gari, idan wasa ya yi kasuwa ya yi wasa, idan aljihu ya bushe ya koma wa ƙarfe. A 1839 ya ƙirƙiro injin huda dutse, ya sayar da haƙƙinsa a kan dala 2,000. Maimakon ya kafa masana'anta, sai ya zuba kuɗin a ƙungiyar wasan kwaikwayo tasa ta kansa, wadda ta yi ta zagaye har kuɗin suka ƙare a jihar Ohio a 1844.

Daga nan ya tsara injin sassaƙa haruffan katako na masu ɗab'i, ya sami takardar mallakarsa a 1849. Samfurin farko ya lalace a wata fashewar tukunyar tururi a birnin New York. Wani mai harkar buga littattafai, George Zieber, ya ɗauki nauyin ƙera wani, suka kai shi Boston suna neman masu saye. Ba su samu ba.

Kwana 11 a shagon Phelps

Ɗakin da suka kama haya yana cikin ginin wani maƙerin injina mai suna Orson Phelps, wanda ke haɗa kekunan ɗinki samfurin Lerow da Blodgett. Kekunan suna yawan dawowa gyara. A 1850 Singer ya duba ɗaya, ya gano inda matsalar take. Ƙoshiyar da ke ɗauke da zaren ƙasa tana zagaye ne a da'ira, wanda ke warware murɗin zare ya sa shi tsinkewa. Ya ba da shawarar ta riƙa kai da komo a miƙe, kamar yadda ƙoshiyar masaƙi ke yi, allura kuma ta zama miƙaƙƙiya mai hawa da sauka daga wani hannu da ya miƙo bisa teburi. Ya ƙara da wani ɗan ƙarfe mai danne yadi, da abin da ke tura yadin gaba bayan kowane ɗinki.

Zieber ya ba da dala 40, Phelps ya ba da shago da ma'aikata. Bisa labarin da Singer ya bayar daga baya, aikin ya ɗauki kwana 11, kuma a gwajin farko keken ya ƙi ɗinki, sai da ya tuna bai daidaita ƙarfin jan zaren sama ba. Duk telan da ya taɓa ganin zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi ya san wannan ciwon. Da aka daidaita, keken ya kai ɗinki 900 a minti ɗaya, alhali gwanar mai ɗinkin hannu ba ta cika wuce 40 ba.

Kekunan farko masu nauyi ne, an yi su don shaguna da masana'antu. Akwatin katakon da ake aika keken a ciki shi ne kuma teburinsa: a fito da keke, a ɗora shi bisa akwatin, a haɗa matakin ƙafa. Daga wannan akwati ne teburin keken ɗinki na Singer ya samo asali.

Rigimar kotu

Akwai waɗanda suka riga shi. A Faransa, Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar kekensa a 1830, teloli masu tsoron rasa abinci suka farfasa kekunan shagonsa a Paris a 1831. A Amurka, Walter Hunt ya ƙera nasa a farkon shekarun 1830, bai yi rajista ba. Elias Howe kuwa ya yi rajista a 1846, ta allura mai kafa a kusa da tsini, wadda ke aiki tare da ƙoshiya su ƙulle zare biyu a tsakiyar yadi. Keken Singer yana amfani da wannan dabara, don haka Howe ya kai ƙara. A 1854 shari'a ta ba Howe gaskiya, kamfanin Singer ya biya shi dala 15,000.

Neman lauya ne ya haɗa Singer da Edward Clark, wanda ya karɓi hannun jari a madadin kuɗin aikinsa. An raba Phelps da Zieber da rabonsu a kan ɗan kuɗi kaɗan, abin da masu tarihi ke lissafawa cikin tabon da ke rayuwar Singer. Kamfanin I. M. Singer & Co. ya koma hannun mutum biyu masu hali daban: Singer mai zafin rai da son a gan shi, Clark mai lissafi da kamun kai.

Da ƙararraki suka yi yawa tsakanin masu ƙera kekuna, a 1856 kamfanonin Singer, Wheeler & Wilson da Grover & Baker, tare da Howe, suka amince su haɗa takardunsu wuri ɗaya, duk mai son ƙera keke ya biya kuɗin izini. Yarjejeniyar ta ci gaba har 1877, lokacin da wa'adin takarda ta ƙarshe ya cika.

Biya da kaɗan-kaɗan

Keke ɗaya yana kai wa dala 125, a zamanin da iyali da yawa ba sa samun fiye da dala 500 a shekara. A 1856 Clark ya fito da tsarin da mai saye zai ajiye dala 5 ya tafi da keke, ya riƙa biyan saura wata-wata. Ta haka mace mai ɗinki a gida ta iya biyan bashin keke daga abin da keken ya samo mata. Kamfanin ya buɗe shaguna masu ƙawa, ya ɗauki mata suna nuna yadda ake ɗinki, ya aika wakilai masu koyarwa da gyara. Kekunan da ya ƙera sun tashi daga 2,564 a 1856 zuwa kusan 13,000 a 1860.

Clark ya kuma ɓullo da musaya: a kawo tsohon keke, ko na wane kamfani ne, a rage wa mutum kuɗin sabo. Tsofaffin da aka karɓa farfasa su ake yi, don kada su koma kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kekunan shekarun 1850 suka yi wuyar samu, har masu tara kayan tarihi ke ɗaukarsu da daraja.

Iyali da ƙarshen rayuwa

Dukiya ba ta gyara zaman iyalinsa ba. Yana da matar aure, yana kuma riƙe da wasu gidaje a New York, kusan kowace mace ba ta san da sauran ba. A 1860 asiri ya tonu, lokacin da Mary Ann Sponsler, wadda ta daɗe tana zaune da shi, ta gan shi cikin keken doki tare da wata. Abin kunyar ya kai ga jaridu da kotu, Singer ya tsallaka Turai. A 1863 ya auri Bafaranshiya Isabella Eugénie Boyer. A shekarar ce kuma Clark ya ga sunan abokin kasuwancinsa na iya jawo wa harkar asara, aka rushe haɗin gwiwar, aka kafa Singer Manufacturing Company. Singer ya bar gudanarwa, ya riƙe babban hannun jari.

Ya zauna a Paris har yaƙin Faransa da Farusha na 1870 ya tilasta masa ƙaura zuwa Ingila, inda ya soma gina katafaren gidan Oldway a garin Paignton. Ya mutu a ranar 23 ga Yuli, 1875, yana da shekara 63, aka binne shi a Torquay. Ya bar kimanin dala miliyan 13 da 'ya'ya fiye da 20 daga mata biyar, rabon gadon kuma sai da ya kai gaban alƙali.

Kekunan da suka biyo baya

Yawancin tsofaffin kekunan Singer da ake gani a Najeriya an ƙera su ne bayan mutuwarsa, amma bisa tafarkin da ya shimfiɗa. Kamfanin ya fara haɗa kekuna a Glasgow a 1867, ya buɗe masana'antar tebura da akwatuna a South Bend ta jihar Indiana a 1868, sannan a tsakiyar shekarun 1880 ya kammala babbar masana'antar Kilbowie a Clydebank ta Sikotland. Wannan ta ƙera kekuna kimanin miliyan 36 tsakanin 1884 da 1943, kuma ta ci gaba da aiki har 1980. Harafin K da ke bin lambar samfuri, kamar 15K ko 66K, yana nuna daga can keken ya fito.

Kekunan sun shigo Arewa a zamanin mulkin mallaka, suka tarar da tsohuwar sana'ar ɗinkin hannu. Hausa ta ba na'urar sunan keke, ta ari kalmar tela daga Ingilishi. Aikin aska takwas da sauran adon babbar riga ya daɗe a hannun masu allura, amma haɗa riga, wando da kayan mata ya koma kan keke. A gari irin Mubi ta jihar Adamawa, cibiyar kasuwanci a kusa da iyakar Kamaru kuma tsohuwar hedikwatar lardin Sardauna, keken ƙafa bai rasa muhimmancinsa ba, domin ba ya jiran wutar lantarki ko man janareta, ko da a makon da ɗinkin Sallah ya taru. Baƙaƙen kekunan da aka ƙera daga baya a Asiya, irin su Butterfly na ƙasar Sin, sun bi tsarin samfuri na 15, shi ya sa allura da wasu kayan gyaransu kan shiga tsohon Singer.

Abin da ke hannun magada

A ƙasashen waje waɗannan kekuna sun zama kayan tarihi. Samfurin da Singer ya miƙa wa ofishin rajista yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, ƙaramar hukumar West Dunbartonshire tana riƙe da tarin kekuna da takardun masana'antar Clydebank, kuma tun 1985 akwai ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki ta duniya, ISMACS. A nan gida kuwa, sau da yawa keken kaka yakan ƙare a zaure ko bayan ɗaki, ruwa ya ci katakon, gara ta gama da durowa, daga ƙarshe 'yan gwangwan su auna ƙarfen a sikeli.

Masu gyaran irin waɗannan kekuna suna farawa ne da lambar da aka buga a gadon keken, ta gefen dama. Kundin kamfanin ya nuna shekarar da aka fitar da kowane rukunin lambobi, don haka ana iya sanin shekarun keke. Baƙin fentin jikinsa gasa shi aka yi a tanda, zanen ruwan zinaren da ke kai kuma siriri ne ƙwarai, wanda ruwan sabulu mai ƙarfi ko goga zai iya share shi. Man keke da tsumma mai laushi su ne abin shafa shi. Keken da ya cije yawanci tsohon mai ne ya daskare a gaɓoɓinsa, kuma kananzir kaɗan da haƙuri kan sake shi, ba tare da an kai ga guduma ba. Man gyaɗa ko na ja ba su dace ba, domin suna yin danƙo.

Teburin ma yana da nasa haƙƙin. Fuskarsa siririn falle ne na katako mai kyau da aka manna bisa wani, idan ya ɗago ana iya mayar da shi da gam a danne, ba sai an ɓare an yi sabon fenti ba. Ƙafafun zubin ƙarfe ne, suna jure nauyi amma suna karyewa idan sun faɗi. Igiyar fata mai juya keken ita ce ta fi saurin lalacewa, ita ce kuma mafi sauƙin sauyawa. A wurin masu tara kayan tarihi, keken da ke tare da teburinsa na asali, da durowoyinsa da ƙananan kayan aikinsa, ya fi wanda aka sake wa fenti daraja.

Ba kowane tsohon Singer ne mai tsada ba, tun da miliyoyi aka ƙera. Darajar mafi yawansu tana cikin aikin da har yanzu za su iya yi. Keken da aka wanke, aka sa wa mai da sabuwar igiya zai iya zama jarin farko na yarinyar da ta gama koyon ɗinki, abin da kuɗin da sikelin ɗan gwangwan zai bayar ba zai saya mata ba.