Angus Buchanan, Baturen da ya bi namun dajin Abzin

Kai mai karatu, in ka zauna da tsofaffin Tebaram ko na sauran garuruwan arewacin Adar, za su gaya maka namun dajin da iyayensu sunka sani: jimina, mariri, barewa garke-garke. Yau yaro sai ya girma bai taɓa ganin ko guda ba. To, akwai wani Bature da ya zo ƙasar nan tun namun suna nan, ya ɗauki hotunansu. Sunansa Angus Buchanan.

An haife shi a 1886 a tsibiran Orkney, can arewacin ƙasar Sikotlan. Zanen gine-gine ya koya, amma zuciyarsa na daji. A 1914 ya shiga dazuzzukan Kanada yana binciken tsuntsaye. Da yaƙin duniya na farko ya tashi, ya shiga soja, aka kai shi gabashin Afirka, har ya zama kyaftin.

Bayan yaƙi, wani attajirin Ingila mai suna Rothschild ya aiko shi. Attajirin nan yana da wani babban gida a garin Tring inda yake tara fatun dabbobi da tsuntsaye don masu ilimi su duba. A farkon 1920 Buchanan ya bar Kano bisa raƙumi. Ya bi ta Damagaram, ya ratsa Damargu, ya isa Agadas, ya hau duwatsun Bagzan. Lokacin nan ba a daɗe da gama yaƙin Kawusan ba, ƙauyukan Abzin da yawa sun zama kufai.

Kada ka ce tun farko mai tausayin dabba ne. Wannan tafiya ta bindiga ce. Ya farauci jimina a Damargu, ya harbi ragon dutse a Abzin. Abin da ya kashe, a feɗe, a shanya fata, a ɗaure cikin akwati. Haka masu bincike ke yi a zamanin. Ni dai a ganina, fata cikin akwati ba ta nuna maka yadda dabba ke kiwo, ko irin itacen da take laɓewa ƙarƙashinsa.

Tafiya ta biyu ita ce babba. A 1922 ya koma Kano. Bai aje bindiga ba, amma wannan karon ya zo da wani gwanin ɗaukar hoton silima, ana ce da shi Glover. Niyyarsu su ratsa hamada tun daga Kano har arewacin Aljeriya, su ɗauki mutane da namun daji a inda Allah ya aje su.

Ka san aikin nan ba wasa ba ne. Na'urar zamanin akwati ce mai nauyi, bisa ƙafa uku, da hannu ake juya ta. Maharbi yana iya harbi daga nesa. Mai hoto kuwa dole ya matso kusa, kuma dole akwai haske. Sai ya yi ɗan ɓuya da ciyawa kusa da tabki ko sheƙar tsuntsu, ya shiga tun da asuba, ya lura da inda iska ke kaɗawa don kada dabba ta ji warinsa. Ya yini cikin zafi, ba tari, ba motsi. Wata rana abin ya zo, wata rana a tashi hannu wofi. Ga rairayi na shiga na'ura, ga zafin rana na ɓata fim. Duk wanda ya taɓa dakon barewa a cikinku ya san irin haƙurin da nike nufi.

Sun bi ayarin gishiri daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, raƙuma dubbai, ta cikin Tenere. Daga baya sunka yi arewa, sunka ratsa duwatsun Ahaggar. Sai a 1923 sunka isa garin Tugurt a Aljeriya, bayan sun yi kamar kilomita 5,600 cikin fiye da shekara guda. Cikin raƙuman da sunka taso da su, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, raƙumin hawan Buchanan, wanda ake kira Farin Gashi. Isarsu ke da wuya shi ma ya mutu. Littafin da Buchanan ya rubuta kan tafiyar, mai suna Sahara, a 1926, raƙumin nan ya sadaukar wa.

Kuma ba Turawa biyu kaɗai sunka yi aikin ba. Masu jan raƙuma da masu sanin rijiyoyi ƴan ƙasa ne. Biyu daga cikin abokan tafiyar, Sakari da Ali, har Ingila anka tafi da su. A 1924 anka nuna silimar a Landan, mutane sunka ga hamadarmu tana motsi a bango.

Buchanan ya rasu a 1954. Bayansa, mota da bindigar zamani da fari sunka ƙare da yawa daga namun da ya gani. A shekarar 2000 masana sunka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji ko'ina, sai wanda ke tsare a gidajen dabbobi. A 2016 anka fara maido da shi a ƙasar Cadi. A nan Nijar, gwamnati ta keɓe Abzin da Tenere a 1988, sa'annan Tarmit a 2012, don kare ɗan abin da ya rage.