Rudolf Steiner, masanin da ya koya wa Turawa binne ƙahon saniya a gona

A lokacin kakar inabi, wanda duk ya ratsa ta Kawo ko titin Ahmadu Bello a birnin Kaduna zai ga masu baro da faranti suna tallar 'ya'yan inabi, wasu daga ƙasashen waje, wasu kuma daga gonakin ƙaramar hukumar Kudan da ke kusa da Zariya. A nan ci ake yi. A Turai kuwa akasarin inabin da ake nomawa giya ake yi da shi, abin da Musulunci ya haramta. To amma a wasu daga cikin gonakin inabi mafiya tsada na Turai ana bin wata hanyar noma da ake kira bayodainamik, kuma tambayar da ta haifar da ita ita ce dai ke damun manomin Kudan da mai lambu a bakin Kogin Kaduna, wato yadda ƙasa za ta ci gaba da bayarwa ba tare da ta gaji ba, kuma ba tare da manomi ya zama bawan buhun takin zamani ba.

Mutumin da ya aza harsashin wannan hanya shi ne Rudolf Steiner, ɗan ƙasar Austriya. Bai taɓa yin sana'ar noma ba, kuma ya daina shan giya shekaru da dama kafin mutuwarsa, har ma ya riƙa jan kunnen mabiyansa a kanta.

Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa

An haifi Steiner ne a ƙarshen watan Fabrairun 1861 a ƙauyen Kraljevec, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Austriya, a yau kuma yana cikin Kuroshiya. Mahaifinsa, Johann Steiner, mai buga waya ne a kamfanin jiragen ƙasa, don haka yaron ya tashi ne a ƙananan tashoshin jirgi, yana kallon injuna a gefe guda, manoman karkara kuma a ɗaya gefen. Daga baya ya yi iƙirarin cewa tun yana yaro yake ganin abubuwan da sauran mutane ba sa gani.

A 1879 ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Viyana, inda ya karanci lissafi da ilimin sinadarai da na tsirrai, ko da yake ya bar ta a 1883 ba tare da ya kammala ba. A cikin jirgin da yake bi zuwa makaranta ne ya saba da wani mai tsintar ganyayen magani mai suna Felix Koguzki, wanda ke kai hajarsa ga masu sayar da magunguna a birni. Wannan abota ta yi masa tasiri ƙwarai, domin daga gare shi ya ɗauki ra'ayin cewa talakan karkara yana da wani sani game da tsirrai da ba a samunsa a ɗakin gwaje-gwaje.

Yana ɗan shekara 21 aka ba shi aikin tace rubuce-rubucen kimiyya na Goethe, shahararren marubucin nan na Jamus. Wannan aiki ya kai shi birnin Weimar a 1890, a shekara ta gaba kuma ya sami digirin dakta a fannin falsafa daga jami'ar Rostock. A 1897 ya koma Berlin, ya yi aikin editan mujalla, ya kuma koyar a wata makarantar ma'aikata.

Daga falsafa zuwa ilimin gaibu

A Berlin ne rayuwarsa ta juya. A 1902 ya zama shugaban reshen Jamus na ƙungiyar Tiyosofi, wadda ke cuɗanya aƙidun Indiya da tsoffin asiran Turai. Bayan shekaru goma suka ɓata, a lokacin da shugabannin ƙungiyar suka fara tallata wani yaro ɗan Indiya, Jiddu Krishnamurti, a matsayin malamin duniya da ake jira. Steiner ya ƙi amincewa, ya ja mabiyansa suka kafa tasu ƙungiyar, ya kira koyarwarsa Antroposofi, ma'ana hikimar ɗan Adam. Daga cikin abin da ya koyar akwai cewa rai yana sake dawowa duniya a wani jikin bayan mutuwa, aƙidar da ta saɓa wa Musulunci, haka kuma manyan coci-coci ba su karɓe ta ba.

Mutum ne mai hannu da yawa. An ƙiyasta cewa ya gabatar da laccoci wajen 6,000. A 1919 ya kafa makarantar Waldorf ta farko a Stuttgart domin 'ya'yan ma'aikatan wani kamfanin sigari, kuma a yau irin waɗannan makarantu sun haura dubu a duniya. Shi ya zana cibiyarsa ta Goetheanum a garin Dornach na Suwizalan, ginin katako da gobara ta cinye a daren shiga shekarar 1923.

Kwanaki goma a Koberwitz

Sai a shekarar ƙarshe ta aikinsa ya waiwayi noma. Jamus ce ta fara sarrafa sinadarin naitirojin daga iska ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka gano, an kuma buɗe masana'antar farko a Oppau a 1913. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya nakiyoyi aka yi da sinadarin, bayan yaƙi kuma aka karkata shi zuwa taki. Wasu manyan manoma daga cikin mabiyan Steiner sun fara kukan cewa iri yana raguwar ƙarfi, dabbobi suna yawan ciwo, ƙasa kuma tana ƙeƙashewa. Suka matsa masa ya ba su shawara.

Daga ranar 7 zuwa 16 ga watan Yunin 1924, a gandun wani basarake mai suna Carl von Keyserlingk da ke Koberwitz, garin da a yau ake kira Kobierzyce a Polan, Steiner ya gabatar da laccoci takwas a gaban mutane 111 daga ƙasashe shida. Masana tarihin noma da dama suna ɗaukar wannan zama a matsayin kwas na farko da aka taɓa shiryawa a kan noma ba tare da sinadarai ba.

Ginshiƙin maganarsa mai sauƙi ne. Ya ce a ɗauki gona tamkar jiki guda mai rai, wanda ya kamata ya ciyar da kansa: dabbobin gonar su ci daga amfaninta, kashinsu ya koma ƙasa, a riƙa sauya shuka, a bar itatuwa da ciyayi a gefe saboda tsuntsaye da ƙwari masu amfani, kuma abin da za a sayo daga waje ya zama tamkar magani ga gonar da ba ta da lafiya, ba abincinta na kullum ba.

Sai dai bai tsaya a nan ba. Ya umarci manoma su cusa kashin shanu a cikin ƙahon saniya, su binne shi a ƙasa tsawon lokacin sanyi, sa'annan su tono shi, su zuba ɗan kaɗan a ruwa, su yi ta juyawa har awa guda, hagu da dama, kafin su yayyafa a gona. Wani ƙahon kuma a cika shi da garin farin dutse a binne a lokacin zafi. Ya ba da wasu haɗe-haɗen na zubawa a tulin taki, irin su furen wani tsiro da ake cusawa a mafitsarar namijin barewar Turai, da ɓawon itace da ake sawa a ƙoƙon kan dabba. Don korar ɓerayen gona, ya ce a ƙone fatar ɓera a lokacin da tauraruwar Zara take wani buruji na musamman, a barbaza tokar. Dalilinsa shi ne wai ƙaho yana tara wani ƙarfi da ke saukowa daga taurari. Bai kafa hujja da wani gwaji ba, da ganinsa na gaibu ya dogara, ko da yake ya nemi manoman su je su jarraba, kuma nan take suka kafa wata ƙungiyar gwaji.

A nan akwai abin lura ga mai karatu a ƙasar Hausa. Malaman hisabi sun daɗe suna ƙirga taurarin damina domin sanin lokacin shuka, amma wannan lissafin lokaci ne. Jingina wa tauraro ikon ƙosar da shuka wani abu ne dabam, kuma malaman Musulunci sun yi gargaɗi mai tsanani a kansa.

Watanni uku da 'yan kwanaki bayan zaman Koberwitz, a ranar 28 ga Satumba, ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe. Ya kwanta jinya a Dornach, ya mutu a ranar 30 ga Maris na 1925 yana da shekaru 64.

Yadda masu giya suka gaje shi

Almajiransa ne suka raɗa wa hanyar suna. A 1928 aka fito da tambarin Demeter, wanda ake manna wa amfanin gonar da aka noma bisa ƙa'idojinsa, kuma har yau ana amfani da shi. Tarihin bai rasa tabo ba. A cikin laccocin Steiner akwai maganganun da ke jera jinsunan 'yan Adam hawa-hawa, suna ɗora farar fata a sama, baƙar fata a ƙasa. Gwamnatin Nazi ta haramta ƙungiyarsa a 1935, ta kuma rushe ƙungiyar manoman a 1941, amma wasu jiga-jiganta sun ƙaunaci hanyar noman, har aka yi amfani da ita a gonar da ke sansanin gwale-gwale na Dachau, inda fursunoni suka yi aikin tilas.

Babu ko ɗaya daga cikin laccocin takwas da ya keɓe wa gonar inabi. Amma a 1969 wani manomin inabi a yankin Alsace na Faransa, Eugène Meyer, ya rungumi hanyar, a farkon shekarun 1980 kuma Nicolas Joly ya bi sahu a kwarin Loire, ya zama babban mai yayata ta. Daga baya manyan gidaje na yankin Burgundy, ciki har da Leroy da Romanée-Conti, suka shiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kurangar inabi takan yi shekaru gommai a wuri guda, cututtukan ganye suna yawan kama ta, don haka tana cikin shukokin da aka fi yi wa feshi a Turai. Ga kuma ciniki: a yau 'yan yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su zaga irin waɗannan gonaki, su ga doki yana huɗa, tumaki suna kiwo a tsakanin kunya, a kuma nuna musu ramin da aka binne ƙahoni. Labarin da kansa ya zama haja.

Abin da bincike ya nuna

Tun 1978 ake gudanar da wani gwaji a Therwil da ke Suwizalan, inda ake kwatanta noman bayodainamik da noman takin gargajiya zalla da kuma noman zamani. Sakamakon shekaru 21 da aka buga a mujallar Science a 2002 ya nuna cewa gonakin da ba a sa wa sinadarai ba sun ba da amfanin da ya gaza da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma takin da makamashin da suka ci sun ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin feshi kuma da kashi 97, sa'annan ƙasarsu ta fi tsutsotsi da ƙananan halittu. Game da ƙahon kuwa, wani bincike da aka buga a 2005 a kan wata gonar inabi a jihar Kalifoniya ta Amurka bai ga bambanci a ingancin ƙasa ba tsakanin inda aka yayyafa haɗe-haɗen Steiner da inda aka bi noman takin gargajiya kawai. Alamu dai sun fi nuna cewa taki da kulawa ne ke yin aikin.

Akwai Musulmin da ya jarraba hanyar a hamada. Dakta Ibrahim Abouleish, ɗan Masar da ya yi karatu a Austriya, ya kafa gandun Sekem a 1977 a kan hekta 70 na rairayi a arewa maso gabashin Alƙahira, ya noma ganyayen magani da auduga da kayan lambu, aka kuma ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2003.

Rabin farko na koyarwar Koberwitz ba baƙo ba ne a Arewa. Kafin a san takin zamani, manoman kewayen Kano suna noma gona guda shekara da shekaru ba hutu, da takin awaki da tumaki da toka da sharar birni da jakuna ke kaiwa ƙauye a mangala. Manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, kuma yakan bar gawo a tsaye saboda ya san hatsi ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Daga 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka kuma buɗe kamfanin takin sufa na tarayya a Kaduna, buhun taki mai rangwame ya fara maye gurbin wannan tsari, daga baya kuma rikicin manoma da makiyaya ya ƙara raba shanu da gonaki a wurare da yawa. Da farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, manoma da dama sun koma neman kashin kaji da na shanu.

Komawar ba ta yiwuwa a dare ɗaya. Gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a watan Afrilun 2021, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare ta janye dokar.