Abu Huraira: Makiyayin da 'yar kyanwa ta raɗa wa suna

A kowace makarantar Islamiyya, daga unguwannin Abuja har zuwa Gitata da ke kusa da Keffi, yara na haddace sunan Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi. Kaɗan ne ke lura cewa laƙabi ne, ma'anarsa uban 'yar kyanwa, har ya danne sunansa na yanka, wanda mafi yawan malamai suka tafi a kan cewa Abdurrahman ɗan Sakhr ne.

Ɗan ƙabilar Daus ne daga kudancin yankin Larabawa, ya kuma tashi maraya. Yana kiwon tumakin danginsa ya tsinci 'yar kyanwa a daji, ya sa ta cikin hannun rigarsa. Da dare yakan ɗora ta kan bishiya, gari na wayewa ya ɗauke ta su tafi kiwo tare. Ganin haka mutanensa suka laƙaba masa sunan.

A shekara ta 7 bayan Hijira, wato 628 Miladiyya, ya isa Madina lokacin yaƙin Khaibar. Ya zauna cikin Ahlus Suffa, matalautan da ke kwana a masallaci, ya sha yunwa har yakan ɗaura dutse a ciki. Rashin gona da kasuwa ya ba shi damar lizimtar Manzon Allah (SAW), har aka ƙirga masa ruwayoyi 5,374, fiye da kowane sahabi. Daga cikinsu akwai labarin mutumin da aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

Jarrabawar mulki ta zo masa a zamanin Halifa Umar, wanda ya naɗa shi gwamnan Bahrain. Da ya dawo Madina da dubban dirhami, Umar ya tsare shi da tambayar inda ya samo su. Ya bayyana cewa dawakinsa ne suka hayayyafa, albashinsa kuma ya taru. Bincike ya gaskata shi. Da Umar ya nemi mayar da shi kan aiki, sai ya ƙi, yana tsoron yin hukunci ba da ilimi ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa cike takardar bayyana kadarori ya san nauyin irin wannan tambaya.

Daga baya ya riƙa riƙe wa Marwan ɗan Hakam ragamar Madina idan ya yi tafiya. Ya rasu wajen shekara ta 58 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Sarautar Bahrain ta wuce tun yana raye, amma har yau da sunan 'yar kyanwar da ya tsinta ake kiransa.