SHEHU USMANU ƊAN FODIYO DA JITA-JITAR DA AKA YAƊA DA SUNANSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya jawo bayanin wannan mako shi ne, kwanakin baya ina tsakiyar darasin nahawu a makarantarmu ta Islamiyya a nan Bauranya, sai wani ɗalibi ya miƙo mini wayarsa, jikinsa yana rawa. Yayarsa ce ta turo masa wani saƙo ta WhatsApp, wai wasiyya ce daga wani Shehu Ahmadu, mai hidimar kabarin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina. Wai ya yi mafarki an gaya masa tashin alƙiyama ya kusa, kuma duk wanda ya yaɗa takardar zai sami arziki, wanda ya ƙi yaɗawa kuwa masifa za ta afka masa. Yaron nan tun daren jiya bai runtsa ba, domin ba shi da kuɗin data da zai tura wa adadin mutanen da aka ce.

Na kwantar masa da hankali, na shaida masa cewa wannan takarda ta girme kakansa. Tun kafin a san rediyo a ƙasar nan take yawo a ƙasashen Musulmi. Shaihu Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya ƙaryata ta a mujallarsa ta Al-Manar a Masar, haka kuma Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya yi rubutu na musamman a kan ƙarya ce tsagwaronta. Da na koma gida sai na yi ta tunanin yadda ƙarya take samun gindin zama idan ta sanyo rigar addini. Wannan ya tuna mini da wani ɓangare na tarihin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ba a faye ambatonsa ba, watau yadda ya yi fama da labaran ƙarya, har da waɗanda aka ƙaga domin a ɗaukaka shi.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba na 1754, daidai da shekara ta 1168 bayan hijira. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami masani da harshen Fulatanci, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, sa'an nan ya yi karatu a gaban malamai da dama, cikinsu har da Malam Usmanu Binduri, da Malam Muhammadu Sambo, da Malam Jibrila ɗan Umaru wanda ya bi har Agadas. Yana da shekara ashirin a duniya ya fara wa'azi, ya zaga ƙasar Kabi, ya kuma shafe kimanin shekara biyar a Zamfara yana karantar da maza da mata, ƙanensa Abdullahi yana tare da shi.

Tun a wannan lokaci halinsa na auna magana ya bayyana. Malam Jibrila yana da ra'ayin cewa wasu manyan zunubai suna fitar da mutum daga Musulunci. Shehu yana matuƙar girmama wannan malami nasa, har ya yabe shi a waƙa, amma da ya auna ra'ayin da abin da malaman Sunna suka tafi a kai, sai ya ga bai inganta ba. Ya bayyana haka a rubuce, cikin ladabi, ba tare da ya zubar da mutuncin malaminsa ba. To, mutumin da bai karɓi maganar malaminsa ido rufe ba, yaya za a yi ya karɓi ta ɗan kasuwa?

Har ila yau a zamanin akwai wasu ɗalibai da suka ɗan ɗanɗani ilmin tauhidi, suka shiga yaɗa wa jama'a cewa duk wanda bai iya kawo hujjojin hankali a kan siffofin Allah yadda suke a littattafai ba, kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Magana ta bazu, manoma da makiyaya suka shiga ruɗu game da imaninsu. Shehu ya tashi tsaye ya tunkare su, ya tabbatar da cewa imanin talaka ingantacce ne matuƙar ya yi shahada, ya kuma tsai da alamomin Musulunci, abin da ke cikin zuciya kuwa Allah ne masaninsa. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa abin da Shehu ya wallafa a kan wannan fitina kaɗai ya haura littafi hamsin. Daga baya ma ya rubuta Hisnul Afhami min Juyushil Auhami, ma'ana ganuwar da ke tsare fahimta daga rundunonin zato, inda ya bi kurakuran da suka yaɗu tsakanin masu karatu ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa.

Game da hulɗarsa da masu mulki kuwa, sanannen abu ne cewa wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayan Bawa al'amura suka canja, Nafata ya kafa dokokin takura wa jama'ar Shehu, Yunfa ya tsananta, har aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, a 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi. A nan ƙasar Katsina, Malam Umarun Dallaji, wanda garinsu Dallaje ba shi da nisa da mu, yana cikin waɗanda suka karɓo tuta, shi ne kuma ya zama sarkin Katsina na farko a sabon tsarin.

To, nasara irin wannan ita ce ta buɗe ƙofar jarrabawar da nake son mu tsaya a kanta. Mutane sun ga malami wanda ba shi da dawaki masu yawa ya rinjayi Gobir, ga shi kuma an shiga ƙarni na goma sha uku na hijira, lokacin da zukata suka cika da jiran bayyanar Mahadi. Sai labari ya fara yawo daga bakin fatake zuwa bakin mayaƙa cewa ai Shehu shi ne Mahadin. Wasu suka ce yana tashi sama, wasu suka ce yana tafiya a kan ruwa, wasu suka ce ana naɗe masa ƙasa ya je Makka da Madina ya dawo, wasu kuma suka ce aljannu suna yi masa hidima. Masu faɗin wannan ba maƙiyansa ba ne, masoyansa ne, kuma a ganinsu taimakon addini suke yi.

Mai karatu ya dubi irin amfanin da wannan jita-jita za ta yi wa shugaban da ke da sabuwar daula, ga abokan gaba ta ko'ina, ga mabiya da suka fara saɓani a kan ganima da muƙamai. Ba sai ya ce uffan ba, shirunsa kawai ya isa ya ƙara masa kwarjini. Amma Shehu bai yi shiru ba. Wajen 1814, bayan wani mutum mai suna Hamma ya yi da'awar Mahadiyya a Maganga, Shehu ya wallafa Tahzirul Ikhwani, ya bayyana ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne, bai kuma taɓa da'awar haka ba. Ya kafa hujja da abin da kowa zai iya bincikawa: ruwayoyin da malamai suka kawo sun nuna Mahadi ɗan gidan Annabi ne, sunansa da na mahaifinsa sun dace da na Annabi da mahaifinsa, kuma a Madina za a haife shi, alhali shi Usmanu ne ɗan Muhammadu, haifaffen Maratta a ƙasar baƙar fata. Haka kuma ya kore wa kansa labaran tashi sama da tafiya a kan ruwa da sauransu.

Abin lura a nan shi ne, bai tsaya ga Larabci ba. Ya san cewa masu yaɗa labarin yawancinsu ba sa karanta littafin Larabci, saboda haka ya tsara waƙoƙi da ajami domin gyaran ya isa inda ƙaryar ta isa, watau rugage da kasuwanni da cikin gidaje. Wannan hanya ta karantar da jama'a da harshensu ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ci gaba da bi da waƙoƙinta na Fulatanci da Hausa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi ga zuciyar malami, watau janye maganarsa ta kansa. A farkon wa'azinsa Shehu ya kasance yana gaya wa jama'a cewa lokacin bayyanar Mahadi ya yi, yana dogara da lissafin Imam Jalaluddini Suyuɗi, babban malamin Masar wanda ya rasu a 1505, wanda littattafansa suke da daraja ƙwarai a ƙasar Hausa, har ma ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim takardar nasiha. Shekarun da aka ambata suka zo suka wuce. Shehu bai nemi wani tawili da zai rufe zancen ba. Ya sake bincike, sa'an nan ya rubuta cewa abin da ya riƙa faɗa a majalisun wa'azi ya gina shi ne a kan wancan lissafi, kuma bayan bincike ya tabbata babu wanda ya san lokacin a haƙiƙa. Ga shugaban da dubban mutane suka yi wa mubaya'a, ga shi yana gaya musu da alƙalaminsa inda ya dogara da abin da bai tabbata ba.

Shehu ya bar gudanar da mulki a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da wallafa, a 1815 ya koma Sakkwato. Allah Ya karɓi ransa a ranar 20 ga Afrilu, 1817, daidai da 3 ga Jimada Sani, 1232, yana da shekara 62 a lissafin rana. Kabarinsa yana Hubbare a birnin Sakkwato.

Jama'a, a zamanin Shehu sai labari ya yi makonni a kan jaki kafin ya tashi daga Sakkwato ya iso Katsina. Yau kuwa kafin mutum ya gama alwala saƙo ya tashi daga Legas ya shiga kowace waya a kasuwar Kankiya da ta Kusada. Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu, wasu suka kwanta a asibiti. Waɗanda suka tura saƙon nan ba mugunta suka nufa ba, ƙaunar 'yan'uwansu ce ta sa su.

A nan ne darasin yake. Kowannenmu ya iya gane ƙaryar da aka yi wa malaminsa ko ƙungiyarsa, nan da nan zai nemi hujja. Wadda take wuce mu ita ce ƙaryar da ta yi mana daɗi: karamar da aka jingina wa shehinmu, hadisin da babu shi amma yana ƙarfafa ra'ayinmu, guntun faifan murya da aka yanke daga karatun malamin wani ɓangare domin a nuna ya ɓata, ko hoton gawarwakin wata ƙasa da aka ce 'yan'uwanmu ne aka kashe jiya. Idan lokacin zaɓe ya zo kuwa, sai ka ga an ƙaga wa malami fatawar da bai yi ba, an liƙa hotonsa a jiki. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarci muminai da su tsaya su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu cikin jahilci su dawo suna nadama. Imam Muslim kuma ya kawo hadisi a gabatarwar Sahihinsa mai nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Danna maɓallin turawa kuwa faɗi ne, har ya fi na baki nisan zango.

Saboda haka ina kira ga kaina da masu karatu, kafin mu tura saƙon addini mu tambayi wanda ya faɗa, da littafin da ya faɗa a ciki, da abin da ya gabaci maganar da abin da ya biyo bayanta. Idan ba mu da halin bincike, mu kai wa malamin da muka amince da iliminsa, ko kuwa mu bar saƙon ya mutu a wayarmu. Ga 'yan'uwana malamai kuma, idan almajirai suka zuzuta mu da abin da ba mu da shi, mu ne ya kamata mu fara tsawatarwa. Idan kuma mun kawo ruwaya a wa'azi daga baya muka gane ba ta inganta ba, mu koma kan mumbarin nan, ko shafin nan da muka faɗa, mu gyara da harshen da jama'a suka ji mu da shi.

Ɗalibin nan nawa ya dawo washegari ya ce ya yi wa yayarsa bayani, ita kuma ta koma zauren matan unguwarsu da ta samo saƙon ta shaida musu. Allah Ya yi musu albarka. Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da sauran magabatanmu, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu da sani a kansa, amin.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.