Waziri Giɗaɗo Ɗan Laima, Tushen Gidan Giɗaɗawan Sakkwato

A tsakiyar birnin Sakkwato, kusa da fadar Sarkin Musulmi, akwai unguwar da ake kira Giɗaɗawa. Sunan ya samo asali ne daga mutum ɗaya, Malam Usmanu ɗan Abubakar Sambo Laima, wanda laƙabinsa na Giɗaɗo, wato abin ƙauna da Fulatanci, ya danne sunansa na yanka. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan sarautar Wazirin Sakkwato tana hannun gidansa, kuma a tsawon wannan lokaci gidan bai taɓa hawa gadon Sarkin Musulmi ba. Abin da ya riƙe shi ne alƙalami, da takardun daula, da amanar sarakuna.

An haifi Giɗaɗo wajen shekarar 1776. Ya yi almajiranci a jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Ɗegel, cikin ƙasar Gwadabawa ta yau, wato yankin da fatake ke ratsawa idan sun bar Sakkwato sun nufi Illela da Araba zuwa Birnin Kwanni. A can ya ƙulla abota da ɗan Shehu, Muhammadu Bello, abotar da mutuwa kaɗai ta raba. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'a lamba, Giɗaɗo na cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya kuma sha wahalar yaƙi da yunwa ta shekarun farko na jihadi tare da su.

Wajen 1807 Shehu ya aurar masa da 'yarsa Nana Asma'u, wadda daga baya ta zama fitacciyar malama, marubuciyar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara. Wannan aure ya sa Giɗaɗo ya zama surukin Shehu, mijin ƙanwar amininsa Bello.

Baiwarsa ta fi fitowa a wajen aike da sasanci. Lokacin da muhawara ta yi zafi tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno kan halascin yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, Giɗaɗo na cikin waɗanda aka tura gabas da saƙo. Aiki ne da ke buƙatar malami mai iya kare hujja, wanda kuma zai iya haɗiye fushi a fadar da ba ta maraba da shi.

Shehu ya rasu a Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, shi kuma ya ɗauki Giɗaɗo Waziri. Lokaci ne mai hatsari: Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wasu ƙasashe sun warware alkawari, zumunci kuma ya yi tsami tsakanin Bello da baffansa Abdullahi na Gwandu har sai da suka sasanta a Kalambaina. A cikin wannan yanayi ne ofishin Waziri ya sami siffar da aka san shi da ita. Shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau da Adamawa. Ta hannunsa wasiƙu ke fita, ta hannunsa gaisuwa da haraji ke shigowa, kuma shi ke tafiya takanas idan rigimar gado ko ta iyaka ta taso. Daular da faɗinta ya kai tafiyar watanni a kan doki ba ta da waya, ba ta da mota. Takarda da amintaccen manzo ne ke ɗaure ta wuri ɗaya.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. A littafinsa ya bayyana shi da dattijo mai karamci da sanin ya kamata, ya kuma ambaci masallacin da Wazirin ke ginawa da dukiyarsa. Zuwa na biyu ya zo daidai da yaƙi da Borno, aka hana baƙon wucewa da saƙon da ya ɗauko zuwa ga al-Kanemi, kuma Wazirin na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin sanar da shi wannan hukunci. Clapperton ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827.

Babbar jarrabawa ta zo a 1837, lokacin da Bello ya rasu a Wurno. Ga 'ya'yansa, ga 'yan'uwansa, kowanne da magoya baya, kuma daular ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Giɗaɗo da sauran masu zaɓe suka tsayar da ƙanen marigayin, Abubakar Atiku, mulki ya sauya hannu ba tare da an zare takobi ba. Da Atiku ya rasu a 1842 aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello, sai Giɗaɗo, wanda tsufa ya cim masa, ya sauka ya bar wa ɗansa Abdulƙadir, ɗan Nana Asma'u, kujerar.

Ya ƙarasa rayuwarsa a kan rubutu da kula da Hubbaren Shehu. Littafinsa Raudul Jinan ya tattara karamomin Shehu da sunayen almajiransa da maƙwabtansa na Ɗegel, Al-Kashf wal-Bayan kuma ya ba da labarin Bello. Shi da Nana Asma'u suka yi tsayin daka wajen adana rubuce-rubucen magabatan jihadi. Ya rasu wajen 1850, matar tasa ta yi masa marsiyya da Fulatanci.

Zuriyarsa ta gaji nauyin tare da ɗacinsa. Jikansa Waziri Buhari shi ne ya naɗa Tukur a Kano a 1893 bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, naɗin da ya haifar da yaƙin basasa. Shi ne kuma, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 15 ga Maris 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, ya komo da jama'a birni ya yi sulhu da su, sannan ya rubuta risala ga malamai yana bayyana hujjarsa ta tsare rayuka da addini. Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya hau kujerar a 1948 ya rasu a 1997, shi ya rubuta Tarihin Fulani, kuma a ɗakin littattafansa Murray Last ya yi binciken da ya zama littafin The Sokoto Caliphate. Cibiyar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato tana ɗauke da sunansa, sarautar kuma a yau tana hannun Farfesa Sambo Wali Junaidu.

Mafi yawan abin da aka sani game da yadda aka tafiyar da daular Sakkwato, daga wasiƙun da wannan gida ya rubuta ya kuma ajiye aka same shi. Allah Ya jiƙan Waziri Giɗaɗo, Ya sa Aljanna ce makomarsa.