Nana Asma'u, uwar ƴan taru

Yau labarin wata mata zan ba ku. Ta fi shekara 160 da rasuwa, amma har gobe ana ambatonta. Sunanta Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a 1793 a Degel, cikin ƙasar Gobir ta da. Yanzu wurin yana cikin jihar Sakkwato, a Nijeriya. Ubanta kuwa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, nan ƙasarmu Nijar. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Uwarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai matan ubanta suka rene ta. A gidan nan mata na karatu kamar yadda maza ke yi. Ta haddace Alƙur'ani. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, har da harshen Buzaye.

Kada ka ce don ɗiyar babban malami ce ba ta sha wuya ba. A 1804, tana da shekara 11, jama'arsu ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Daga nan yaƙi ya tashi. An sha yunwa, an sha tafiya, mutane da yawa sun mutu. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Asma'u ta girma cikin wannan hali. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

Mu mutanen yankin Maradi mun san yaƙin nan ta wata fuska. Katsinawan da aka kora su ne suka zauna Maradi, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawa a Gawakuke. Can Sarkin Gobir Ali ya faɗi, da Sarki Rauda na Maradi. Asma'u tana bayan wanta Bello, har ta yi waƙa a kan wannan nasara. Ba mu ɓoye wannan ba. Amma akwai abin koyi a rayuwarta, ko daga wane gida ka fito.

Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da kamammu. Da yawa cikinsu mata ne na ƙauye, ba su san karatu ba. Shehu ya sha sukar malamai masu koyar da ɗalibai, su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Asma'u ta riƙe wannan magana. Ta yarda neman ilimi wajibi ne ga mace da namiji. A kan wannan imani ta tsaya har mutuwarta.

To, me za ta yi? Ba ta riƙe takobi, ba ta hau gadon sarauta. Sai ta duba abin da Allah ya ba ta. Ta iya harsuna, ta iya waƙa. Ta lura matan ƙauye ba su jin Larabci, da yawa ba su jin Fillanci. Don haka ta riƙa tsara karatu cikin waƙar Hausa, mai sauƙin haddacewa. Mace na iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi. A 1831 ta mai da waƙar ubanta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. A 1838 ta yi wata gajeriyar waƙa da Hausa, ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a ciki.

Saura yadda karatu zai kai ƙauye. Matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki. Asma'u ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana. Kowacce ana ce mata jaji. Ta ba ta malfa, ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan kun san ta: irin ta Innar Gobir ce, shugabar mata. Asma'u ba ta raina abin da mutane suka saba da shi ba, ta ɗauke shi ta ba shi sabon aiki.

Jaji ke jagorantar tsofaffi da ƴan mata, su taka da ƙafa har wurin Asma'u. Su ne ƴan taru. Sukan kawo sadaka, kamar hatsi da zuma da zane, ita kuma ta raba wa mabukata. Su koyi salla da tsarki da haƙuri da riƙon amana. Su koma gida su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837. Asma'u ta yi wa Bello waƙar ta'aziyya, ta ci gaba da aikinta. Ta rasu a 1864, tana da shekara kamar 71. An rufe ta a Sakkwato, kusa da kabarin ubanta. Ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin bayanta. Rubuce-rubucenta wajen 60 sun iso gare mu. A 1997 wasu mata biyu masu bincike, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tara su cikin littafi guda.

Yanzu bari in juyo gare ka. Ina koyar da yaƙi da jahilci a nan Cadawa, na kuwa san abin da ke korar mutum daga aji. Wani ya ce ya tsufa. Wani damina ta zo, gona ta ɗauke shi, bai komo ba. Wata maigidanta ya hana ta. Kai maigida, ka tuna Giɗaɗo waziri ne, bai hana matarsa karatu da koyarwa ba. Ke kuma, ki tuna tsofaffin da suka yi tafiyar ƙasa don su ji karatu. Ke ajinki na cikin gari.

Ka tambayi kanka abu biyu. Me na yarda da shi har cikin zuciyata? Me na iya? Wani ya iya lissafin kasuwa, wata ta iya magana cikin taro, wani ya iya sulhu. Daga nan za ka fara. Yau da dare, ka karanta wa mutum ɗaya na gidanku wannan shafi. Gobe ka zo aji ka gaya mana abin da ya ce.